Rasuwar 'Yar Shafal a Ƙarƙashin Buhun Masara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kunya ma ta samu gefe guda ta shimfiɗa tabarma a ciki, Malam Ummaru Mai Fiyano na Funtua yake sanar da 'yan uwa na wannan zaure na WhatsApp, makaɗa da mawaƙa da masu hayar lasifika na Funtua da Malumfashi, rasuwar abokiyar neman abincinsa, fiyanon nan 'yar tafi-da-gidanka da kowa ya sani da 'Yar Shafal.

Mai sanarwa yana neman afuwa a kan ɗan jinkirin da aka samu. Tun ranar Litinin aka yi rasuwar, yau ga shi Alhamis. A tsakani duk wanda ya tambaye shi ina 'Yar Shafal, sai ya ce tana hutawa. Ba ƙarya ya yi gaba ɗaya ba, sai dai ba irin hutun da ake tashi ba ne. Cikin waɗanda aka gaya wa tana hutawa har da Madam Chinenye mai shagon iri da maganin feshi, wadda rabin marigayiyar nata ne, wadda kuma take jiran ta ranar Lahadi mai zuwa don bikin godiyar kaka na cocinsu. Za a dawo kan wannan batu. Mai sanarwa ya so a ce ba za a dawo ba, amma za a dawo.

Kafin zuwan marigayiya, Malam Ummaru yana aiki da wani tsohon fiyano ne da ake kira Basamude. Manyan wannan zaure za su tuna shi. Sai ƙarti biyu suke ɗaga shi, sai mota yake shiga, ba ya buɗe baki sai an tayar masa da janareta. Shi ne ya sa aka taɓa isa wani biki a Malumfashi bayan an riga an kai amarya, aka yi wa kujeru da masu wanke-wanke kiɗa. Shi ne kuma ya bar wa mai sanarwa ciwon bayan da har yau yake sa shi sallar nafila a zaune.

Wannan ciwon baya ne ya haɗa tarayyar. Malam Ummaru ya je sayen maganin ciyawa don 'yar gonarsa, ya sunkuya zai ɗauki jarka ya kasa miƙewa. Madam Chinenye, haifaffiyar Funtua, wadda Hausarta ta fi ta mai sanarwa kaifi idan ranta ya ɓaci, ta ba shi kujera ta ji labarin Basamude. Ita ce shugabar mata mawaƙa a cocinsu, nasu fiyanon kuma wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone shi.

Ta ce, "Malam, ni safiyar Lahadi kawai nake buƙata. Ku kuma ba ku fara biki sai rana ta karya. Mu haɗa hannu mu sayi ƙarama, wadda za ta iya zuwa wurina ta dawo wurinka ba sai an kira 'yan dako ba."

Haka aka yi. Sharaɗi ɗaya tak ta kafa. Ta sayo wata baƙar jaka mai soso a ciki, ta ce duk inda za a je da ita, a cikin jakar nan za ta tafi. Malam Ummaru ya ɗora hannu a ƙirji. Daga baya ya ji cewa wasu a cocin sun yi gunaguni, sun ce mai kiɗan biki aka haɗa kaya da shi, wata rana a guntu-guntu za ta dawo. Madam ta amsa musu a gaban kowa: "Malam Ummaru na san shi. Ranar da ta lalace a hannunsa ku zo shago ku yi mini dariya, zan ba ku kujeru." Mai sanarwa ya ji daɗin wannan magana a lokacin. A wannan makon ita ce take hana shi haɗiye tuwo da sauri.

Game da halayen marigayiya, duk wanda ya zauna da ita shaida ne. Ba ta da nauyi. Wannan shi ne babban halinta, sauran duk daga gare shi suka fito. Mutum yakan saƙale ta a hammata kamar tabarmar sallah, ɗaya hannun yana gaisawa da jama'a. Ba ta taɓa neman a yi mata shatar mota ba, bayan babur ya ishe ta. Saboda ita, Malam Ummaru ya yi sunan safe a Funtua, ya yi wunin biki a Malumfashi, ya dawo gida ya tarar da miyar dare da zafinta. Saboda ita ya shiga ƙauyukan da hanyarsu ba ta karɓar taya huɗu da damina, inda a da sai dai ya ce wa masu gayya Allah ya sa alheri.

Ba ta taɓa tambayar ko an kawo wuta ba. A ba ta baturan tocila, ta wuni tana aiki. Idan taro ƙarami ne, 'yan lasifikan jikinta sun wadatar, idan babba ne a jona ta da na haya, ba ta nuna bambanci. Da an danna mata maɓalli sai ta yi sallama da 'yar muryar nan tata, tilin-lin, kamar mai cewa ga ni. Idan batir ya yi sanyi ba ta yanke kiɗa a tsakiyar rawa ta kunyata mutum, sai dai muryarta ta riƙa ja a hankali, wuuu, tana ba da sanarwa tun da wuri.

Tana da rufin asiri. Akwai wani maɓalli a jikinta da ke sauko da waƙa ƙasa idan muryar mawaƙi ta dushe, ba tare da masu rawa sun gane an sauko ba. Mawaƙan da wannan maɓalli ya ceci mutuncinsu suna cikin wannan zaure. Ba za a kira suna ba, ranar makoki ce.

Ba ta zaɓen mutane. Da safiyar Lahadi tana raka mata waƙar coci, da la'asar tana gaban amarya a unguwar Hausawa, ba ta taɓa kai zancen wani wuri zuwa wani ba. Ta yi wa Yarbawan Funtua suna, ta yi wa Maguzawan bayan Kafur wasan kaka a gindin ɗorawa. A can ne wani dattijo ya ɗaga ta da hannu ɗaya, ya jinjina, ya ce zakaransa ya fi ta nauyi amma ta fi surukarsa yawan magana.

Ba a ce ba ta da aibi ba. Muryar algaitarta, tsakani da Allah, ta fi kama da akuya mai mura. Idan aka yi iskar hadari kuma sai mutum ya danne ta da gwiwar hannu yana kiɗa, kada ta bi rumfa. Amma wa ya taɓa rabuwa da abokin zama don algaita?

Yanzu sai batun jinya, wanda shi ne mai sanarwa ya fi so a karanta da sauri.

An daɗe marigayiya ba ta shiga jakarta ba, sai ranar Lahadi idan za a kai ta wurin Madam. Dalili shi ne, baƙar jaka mai zif a bayan babur tana jan ido. Kowane shinge sai an tsayar da mutum a ce me ke ciki, a ce buɗe, a ce ɗan taɓa mu ji. Buhun taki kuwa ba mai kallonsa sau biyu a ƙasar nan. Sai Malam Ummaru ya samu wani wankakke yana zura ta a ciki. Wannan shi ne dalilin da yake faɗa wa mutane. Ɗaya dalilin shi ne ya gano tsawon jakar daidai yake da gogaggen kaftani, ba ya ko lanƙwasa.

Ranar Litinin aka gayyace shi sunan jikan Alhaji Mudi, wani babban manomi a gefen Mahuta. Marigayiya ta yi aiki ran nan kamar ta san na ƙarshe ne. Tsofaffi mata sun ajiye sanduna sun shiga fili. Da aka tashi, Alhaji ya yi abin da manomi yake yi da kaka, wato bai sa hannu a aljihu ba, ya juya wajen masussuka ya ce, "A ɗaura wa Malam buhun masara guda, ta bana, a cika shi har baki."

Malam Ummaru ya zura 'Yar Shafal a buhunta, ya jingine ta a jikin babur, ya tafi sallar la'asar. Daga sallah aka ce ga abinci, ga naman suna. Bai yi gardama ba.

To kowa a nan ya san yadda ake ɗaura wa babur buhun hatsi. Ba a ɗora shi haka kawai, sai an gitta katako a kan kariya don kaya su samu wurin zama. Masu yi wa Alhaji sussuka suka zo da buhu, suka duba, suka ga wani abu dogo, shimfiɗaɗɗe, marar nauyi, an naɗe shi a buhun taki an jingine a jikin babur. Me mutum zai ce wannan? Suka gitta ta, suka haɗu suka ɗaga masara suka dire a kai, suka kawo robar taya suka ja, mutum ɗaya yana tokare da ƙafa.

Ba su da laifi, kuma mai sanarwa ba ya so kowa ya ɗora musu. Da ya fito yana sakace, abin da ya fara gani shi ne bakin buhun takin nan yana leƙowa ta dama da hagu. Babbansu ya share gumi ya ce, "Malam, ka iya shiri. Katakon nan naka kamar an auna."

Alhaji Mudi kuma yana tsaye da manyan baƙinsa, ya dafa kayan yana murmushi. "Ka ga ɗauri? Har Zariya sai ka je da shi bai motsa ba."

A nan ne ya kamata mutum ya buɗe baki. Magana ce ta numfashi ɗaya. Amma a ce a kwance kyauta a gaban wanda ya bayar, a sauke ta ƙasa baƙi suna kallo, a kuma nuna wa mutanen da suka yi gumi cewa aikin banza suka yi? Malam Ummaru ya ce a ransa, bari in fita gari in tsaya. A fili kuma ya ce, "Allah ya ƙara arziki, Alhaji," ya buga babur.

A ramin farko nauyi ya danne mata maɓallin kunnawa. Daga ƙarƙashin masara ya ji ta: tilin-lin. Sai kuma wata doguwar murya guda ɗaya, piiii, wadda ba ta hawa ba ta sauka.

Ya fita gari bai tsaya ba, don ya tuna idan ya sauke buhun nan shi kaɗai, da wannan bayan nasa, to a nan buhun zai zauna har wani mai rabo ya zo. Ya ce bari in kai ƙauye na gaba inda akwai mutane. A ƙauye na gaba akwai mutane, majiya ƙarfi, suna zaune a inuwa ba abin da suke yi. Har ya fara rage gudu, sai babur ya faɗa wani rami, gangar da ke cikin 'Yar Shafal ta tashi. Ba kowace ganga ba, ta rakiyar amarya, dum-taka-dum-taka, da tafi da komai. Mutanen inuwa suka miƙe suna ɗaga hannu. Mata masu ɓarar masara a bakin hanya suka juyo suna guɗa. Wani ya ɗaga murya, "Sai Mai Fiyano! Har masararka kiɗa take yi!"

Malam Ummaru, Allah ya yafe masa, ya ɗaga musu hannu. Har da ɗan hon.

A Dandume akwai 'yan dako, akwai masu faci, akwai duk wanda ake buƙata. Sai dai rana ta yi ƙasa, kuma ba hanyar da mutum yake son magariba ta same shi a kai ba ce. Haka ya gaya wa kansa. Ya kuma ƙara da wani lissafi da yake jin kunyar rubutawa: tunda tana kuka, ai da ranta. Ya ƙara wuta.

Da suka miƙi hanyar Funtua gangar ta fara ja da baya. Ta daina tafi. Muryar ta koma ta sarewa, siririya, irin wadda yakan sa idan uwar amarya ta fara hawaye. Ta yi ta yi, tana ɗaukewa tana dawowa. Sai ya ji ƙas, ƙaramar ƙara, kamar an taka busasshen kara. Daga nan har ƙofar gida ba abin da ya ƙara ji sai injin babur.

Maƙwabta suka taimaka aka sauke. Maiɗakinsa Jamila ta tsaya ta kalli abin da aka zaro daga buhun taki, ya lanƙwashe a tsakiya kamar sirdi, fararen haƙora suna zubowa.

Ta ce, "Baban Yasmin, ina jakar?"

Ya ce, "Tana ɗaki."

Ta ce, "Na san tana ɗaki, ni na goge kayan da ke ciki. So nake in ji ka faɗa."

Washegari aka garzaya da ita wurin Ganiyu mai gyaran rediyo. Ya kwance ta, ya leƙa, ya ga allon wayoyin cikinta ya rabe biyu, ya cire tabarau.

"Malam, mota ce ta bi ta kanta?"

"Masara ce."

"Faɗo mata ta yi?"

"A'a. Hawa ta yi, tun daga Mahuta."

Ganiyu ya mayar da tabarau. Can ya ce, "Ba ta yi ƙara ba?"

"Ta yi."

Ganiyu ya tattara kusoshinta a leda ya ƙulle ya miƙa wa mai sanarwa da hannu biyu.

Marigayiya ta rasu ta bar ƙafarta ta ƙarfe mai kama da almakashi, wadda ke tsaye a lungu ba abin da za ta ɗauka. Ta bar caja guda, da batura da tuni aka mayar da su rediyo. Ta bar jaka, lafiyayya, kamar yau aka sayo. Ta bar yayanta Basamude a ɗakin ajiya, inda kaji suke ƙwai a bayansa, wanda aka gwada tayar da shi jiya ya yi tari ɗaya ya fitar da hayaƙi. Ta bar Malam Ummaru, da biki biyu da ya riga ya amsa. Buhun masara ya iso lafiya, ko tsaba ɗaya ba ta zube ba. An kai kwano biyu inji. Mai sanarwa ya ci tuwon, kuma abin takaici, masarar tana da kyau.

Ta kuma bar matan cocin Madam Chinenye, kuma nan ne maganar take da nauyi. Madam ba gwanar kiɗa ba ce, gwanar waƙa ce. Tun farkon damina take rera wa Malam Ummaru waƙoƙin bikin kakarsu a ƙofar shago, tsakanin mai sayen iri da mai sayen feshi, shi kuma yana kaɗawa yana adana su a cikin 'Yar Shafal ɗaya bayan ɗaya, yadda ranar biki maɓalli kawai za ta danna ta juya ta fuskanci matanta. Duk waɗannan sun bi marigayiya. Inda suka rage a duniya shi ne yatsun mutumin da ya ɗaga wa jama'a hannu a hanyar Dandume.

Yau da safe ta kira waya.

"Malam Ummaru, ina kwana? Ya 'yarmu?"

"Tana nan kwance, Madam."

"To ka turo mini ita ranar Asabar da wuri, za mu yi gwajin ƙarshe. Mata har anko sun ɗinka. Kuma ka san masu cewa za ta dawo guntu-guntu? Su na sa a layin gaba bana, su ji da kunnensu. In an tashi ranar Lahadi ka zo da Jamila ku ci shinkafa."

Ya ce, "Allah ya kai mu."

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ba za a yi mata sallah ba, limamin unguwa ya riga ya ja wa mai sanarwa kunne tun kafin ya gama tambaya. Za a taru a shagon Ganiyu ranar Asabar da hantsi. An fitar da kaftanai, za a sa marigayiya a jakarta, a ja zif har ƙarshe. Daga nan za a ɗauke ta a ƙafa, a hannu, ba babur, zuwa shagon Madam Chinenye. Ragowar masara za ta biyo baya a baro, ita kaɗai, da tazara, a miƙa ta gudummawar bikin kaka idan an karɓa.

Ana roƙon 'yan uwa su fito da yawa, don an shaidi Madam ba ta cika ɗaga murya a gaban taro ba. Masu jiki su tsaya tsakanin mai sanarwa da kantar da ake jera famfunan feshi.

Ba a buƙatar gero ko goro na ta'aziyya. Wanda yake da fiyano ƙarama mai adana kiɗa, ya taimaka da aronta daga Asabar zuwa azahar ɗin Lahadi. Malam Ummaru zai zauna a ƙofar shagon, idan an bar shi ya zauna, ya sake shigar da waƙoƙin nan tun daga ta farko, ko da masu dariya sun zo an ba su kujeru. Mai ba da aro ya kwantar da hankalinsa, akwai jaka.

Wannan ita ce sanarwa. An yi ta a fili, ba a rage komai ba, don kada gobe a ce Malam Ummaru ya ɓoye wa wani gaskiya.

Madam Chinenye ba ta cikin wannan zaure.